Kafin Ka Sayi Babban Turombon Na Hannu

Ɗana, na ji ranka ya biya da turombon kontarabas, babban yaya a dangin turombon, kuma na hannu kake nema tunda sabo ya fi ƙarfin aljihunka. Na yi murna, don samari kaɗan ne ke waiwayar wannan abin busa. Sai dai ka sani ba ya son gaggawa, ko wajen saye ko wajen busawa.

Fara da sanin wanda kake so, domin iri biyu ne. Akwai irin wanda aka ƙera wa Richard Wagner a Balin saboda wasanninsa huɗu na Der Ring des Nibelungen, waɗanda aka fara nunawa a jere a Bayreuth ta Jamus a 1876. Muryarsa B-filat ce ta can ƙasa, bututunsa ƙafa 18, ninkin na turombon da ka saba gani a hannun 'yan badujala. Shi ya sa aka ruɓanya silaid ɗinsa, wato sashen da ake ja ana turawa. Sai kuma na muryar F, mai ƙafa 12 da bawul biyu, wanda ya samo asali daga ƙirar Ernst Dehmel ta 1921. Shi mafi yawan mabusa ke riƙewa yau, kuma shi nake ba ka shawara, don ya fi saurin amsawa.

Idan ka samu, gani ya kori ji, kada hoto ya ruɗe ka. In a Turai yake, nemi mabushin da ka amince da shi ya gwada maka, kuma ku yi sharaɗin mayarwa. Silaid shi ne ran turombon. A ja shi a hankali daga farko har ƙarshe, a ji ko yana cijewa. A zare bututun waje a duba na ciki, ko rufin ƙarfen ya goge. A toshe bakin bututun a ja, a ji ko iska na zurarewa. A murza bawul, kada su yi ƙara ko sako-sako. Ka kuma lura da jajayen ɗigo a jikin tagullar. Alama ce tutiyar da ke cikinta ta fara zagwanyewa daga ciki, kuma gogewa ba ta magance wannan, sai an sauya sashen. Lotsawa a faffaɗan bakinsa kuwa kada ta dame ka, mai gyara zai fitar da ita.

Sannan ka bincika wane ne maƙerinsa. Thein da Lätzsch na Bremen, da Rath na Ingila, suna nan ana samun kayan gyaransu. Kanstul na Amurka ya rufe a 2019, neman sassansa sai an sha wuya. Ka haɗa kuɗin gyara da akwati da sufuri da kwastan kafin ka ce ka yi araha. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Ranar da ya shigo hannunka, kada ka ce sai ka girgiza unguwa. Yana cin iska fiye da zatonka, har jiri kan ɗebi sabon shiga. Ka busa dogayen sauti a hankali, ka huta, ka sake. Wuraren tsayawar silaid sun bambanta da na ƙaramin turombon, sai ka koye su sabo da kunnenka. Nauyinsa duka a hannun hagu yake, don haka ka sa masa madogari tun kafin wuyan hannunka ya fara ciwo. Lokacin hunturu ka riƙa goge silaid kullum, ƙura na karce shi.

Kada kuma ka sayar da turombon bas ɗinka saboda shi. Aikin kontarabas kaɗan ne: wasannin Wagner, wasan Elektra na Richard Strauss na 1909, da kiɗan finafinan Los Angeles da Landan. Ko a can, aikinsa shi ne ɗaukar sauran muryoyi daga ƙasa, kuma wanda ya iya busa shi a tausashe shi ake sake kira. Ka nemi malami ya saurare ka tun daga makon farko. Allah Ya yi maka albarka, Ya sa ka sayi nagari.