Zaɓen Iri a Gida: Darasi a Kan Jar Akuya

Ko wane manomi na ƙasar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ya san yadda a kan ware zangarniyar gero mafi kyau a ajiye ta domin irin baɗi. Amma kaɗan ne su ke yi wa awakinsu irin wannan gata. A kan sake su da rani su yi ta yawo, ko wane bunsuru ya samu akuya ya hau ta. Da haka iri mai daraja kan gauraye da maras daraja.

Abin da Ƙaramin Kifi Ya Nuna

Akwai wani ɗan kifi wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, asalinsa daga tsibirin Tirinidad da ƙasashen da ke kusa da shi a Amurka ta Kudu. Ana kiransa gafi, da sunan wani Bature, Lechmere Guppy, wanda ya aika da shi Landan cikin 1866. Ba ya yin ƙwai kamar tarwaɗa, haihuwa ya ke yi, misalin sau ɗaya a wata. A rafi jelarsa gajeriya ce, amma masu kiwonsa a gida cikin akwatin gilashi sun yi ta zaɓe har suka sami mai jela faffaɗa kamar mafici, ja ko shuɗi ko baƙi.

Da abu uku suka cim ma wannan. Su kan tsai da siffa guda su bi ta. Su kan raba maza da mata tun suna ƙanana, domin mace in ta sadu da namiji sau ɗaya ta kan riƙe maniyyinsa ta haihu da shi sau da dama. Kana su kan rubuta uba da uwar ko wace haihuwa. Waɗannan ƙa'idodi su ne na akuya, sai dai akuya ta fi bukatar haƙuri, gama wata 5 ta ke yi da ciki.

Darajar Jar Akuya

Jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Zamfara da Maraɗi tana da gashi gajere mai sheƙi, ja wur daga kai har ƙafa, ta kan kuma yawaita haihuwar tagwaye. Fatarta tana da laushi da ƙwari. Fatake sun daɗe suna ƙetare hamada da ita zuwa Arewacin Afirka, shi ya sa Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda cikin 1929, sai fatu suka riƙa bin dogo zuwa bakin teku. Kafin 1960 ma'aikatan dabbobi na Lardin Sakkwato sun yi ta zaga ƙauyuka suna dandaƙe bunsuran da ba ja ba, cikin 1963 kuwa aka kafa gidan kiwon wannan iri a Maraɗi.

Yau da ɓarayin daji suka kwashe shanu masu yawa a ƙasar nan, akuyar da ke turke a tsakar gida ita ce dukiyar da ta rage wa gidaje da dama, musamman mata. Irin da za a sake tara garke da shi kuwa, shi 'ya'ya za su gada.

Yadda Za a Fara

1. A fara da bunsuru. Akuya 'ya'yanta kaɗai ta ke gyarawa ko ta ɓata, amma bunsuru ɗaya ya ishi awaki 25. Ƙauye mai awaki 200, watau bunsuru 8 nagari sun wadace shi. A zaɓi ja sak, marar ɗigon fari ko baƙi, mai faɗin ƙirji, marar ƙazuwa, wanda uwarsa ta saba haihuwar tagwaye da yawan nono.

2. Sauran 'ya'ya maza a dandaƙe su kafin su cika wata 3, tun ba su fara hawa ba. Malamin dabbobi ya san aikin. Ba hasara a ciki, domin taure ya fi ƙiba.

3. Kada a bar 'yar akuya ta ɗauki ciki tun ba ta yi ƙwari ba. A tsare ta har ta kai kamar wata 9.

4. Kada bunsuru ya hau 'yarsa ko uwarsa, don 'ya'yan kan fito raunana. Kafin 'ya'yansa mata su isa, a yi musanyarsa da na wani ƙauye.

5. Iri ba ya nuna kansa bisa yunwa. A tanadi harawa da dusa da kanwa, a kai awaki rigakafi, kada kuma a yi musu lalas a baya ko a haƙarƙari, gama yana karya kuɗin fata.

Aikin Hakimi da Malaminsa

Gida ɗaya ba shi iya tsare irinsa muddin bunsurun maƙwabci na yawo a sake. Saboda haka ya kamata hakimi ya tara dagatai da masu unguwanni a yi shawara bayan kaka, kafin a saki dabbobi, a daidaita a kan bunsuran da za a bari. Lalle a ji ta bakin mata, domin galibi su ne masu awakin, a kuma bi da lallashi, ba tilas ba.

Malamin hakimi ya buɗe littafi, ko wane bunsuru da shafinsa: sunan mai shi, ƙauyensu, ranar da ya fara aiki, yawan 'ya'yan da aka samu, nawa ja, nawa tagwaye, nawa suka mutu. Bayan shekara littafin zai nuna wanda za a riƙe da wanda za a kai kasuwar Shinkafi.

Ba a ganin amfanin wannan aiki cikin damina ɗaya. Amma hakimin da ya fara da garken gidansa, talakawa suka ga 'ya'yan da ido, ba sai ya yi dogon bayani ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.