Yadda Tauraron Ɗan'adam Ke Auna Gona da Makiyaya

Duk makiyayin da ka tambaya a ƙasar Dakoro ko Maigatari zai ce maka gona ta cinye daji, burtali ya matse. To amma nawa ta cinye, kuma tun yaushe? Masana sun nemi amsar daga sararin samaniya.

A 1972 ne Amurka ta harba tauraron Landsat na farko. Magadansa na yanzu kowanne yakan dawo kan wuri guda bayan kwana 16, kuma ɗigo ɗaya a hotonsa yana wakiltar fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30. Tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa.

Ya ɗalibi, asirin yana cikin ganye. Ɗanyen ganye yakan shanye jan haske domin haɗa abincinsa, sannan ya mayar da wani haske da idonmu ba ya gani, wanda ake kira infirared. Tauraro yana auna su biyun, kuma gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu, gwargwadon yawan tsiro a wurin. Sai dai gero kore ne, ciyawa ma koriya ce. Don haka akan bi fili wata bayan wata: gona takan fito tsirara lokacin shuka, ta cika a Agusta, ta koma fayau bayan girbi, ga kuma iyakokinta a miƙe. Saura, wato gonar da aka bari ta huta, ita ce mai rikita lissafi, domin kamarta ɗaya da makiyaya. Gizagizan damina ma kan rufe hoto. Shi ya sa dole mai bincike ya taka da ƙafarsa ya gani.

Da irin wannan aiki ne hukumar binciken ƙasa ta Amurka da ƙungiyar CILSS suka gano cewa filin noma a Afirka ta Yamma ya ninka tsakanin 1975 da 2013, akasari a kan daji da makiyaya. Wannan na daga cikin tushen rigimar manomi da makiyayi.

Hotunan sun kuma nuna abin da ba a zata ba. A Maraɗi da Damagaram, itatuwa sun ƙaru a gonaki masu faɗin kimanin hekta miliyan 5 tun bayan farin 1984, saboda manoma sun riƙa barin tohon itace yana girma. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi toho da rani, don haka hoton rani ya fi fito da shi.