Ɗaki Domin Baƙo

Karanta 2 Sarakuna 4:8-13, da 8:1-6.

Ya mai karatu, ka taɓa kwana a ƙarƙashin rumfar wani, kai da matarka da 'ya'yanka, ba ƙyauren da za ku rufe? In ba ka taɓa ba, ka tambayi tsofaffin Kurfey. Sun ga fari na 1973 da na 1984, sa'ad da mutane suka bar garuruwansu suka nufi Filinge da Yamai neman abinci. A 2012 yaƙin Mali ya koro dubban mutane zuwa Abala, aka kafa musu sansani. Ran 15 ga Maris 2021 kuma 'yan bindiga suka tare masu komowa daga kasuwar Banibangu, aka kashe mutum 58 a wannan rana. Cikin shekarun nan iyalai da yawa na bakin iyaka sun gudo kudu. Watakila waɗansunsu suna unguwarku.

Na san ka ba su hatsi. Madalla. Amma tiyar gero kwana nawa take yi? Ta ƙare, suna nan a rumfa.

A garin Shunem an yi wata mace mai wadata. Annabi Elisha yakan bi ta garin, ita kuwa takan ba shi abinci. Ko a nan ta tsaya, da ba wanda zai ce ba ta yi kirki ba. Amma ta lura mutumin ba shi da wurin sa haƙarƙarinsa. Sai ta yi shawara da mijinta, suka gina masa ɗan ɗaki a bisa soro, suka sa gado a ciki, da tebur, da kujera, da fitila. Ka lura, ba kango ta miƙa masa ba. Ta zauna ta yi tunanin abin da mutum yake bukata daga faɗuwar rana har wayewar gari.

To, a ce wata gwauruwa ta sauka a garinku da 'ya'ya huɗu da tsohuwar surukarta. Me za ku yi?

Kafin a buga tubali ko ɗaya, ku tafi wurin mai gari. Gama a lokacin tashin hankali mutane suna tsoron baƙo, amma wanda mai gari ya san da zamansa ba a nuna shi da baki. In wani ya ba da aron fili ko tsohon ɗaki, a faɗi shekara nawa a gaban shaidu, a rubuta a takarda. Kada ka ce tsakanin 'yan'uwa ba a bukatar takarda. Sau nawa aka gyara kango, aka yi masa sabon rufi, mai shi ya tuna ɗansa zai yi aure? Ku duba wurin kuma. Filinge tana cikin kwarin Dallol Boso, filin da yake da kyaun gani da rani yakan zama tafki a watan Agusta.

Sa'an nan a kira gayya, kamar yadda ake kira domin noma. Kara da shuci da kaka ake tara su. In kun bari sai watan Yuni, dabbobi sun cinye, abin da ya rage kuwa ya yi tsada. Tubali aikin rani ne. Samari su ɗebo ruwa da amalanken jaki, magidanta su ɗaga bango su ɗora rufi, mata su yi daɓe. Amma ga wani abu. Bisa ga al'ada mai gayya ne yake ciyar da masu aiki, wannan mata kuwa ba ta da ko ƙwaryar fura. Kowa ya zo da tasa daga gida, kada a bar ta tana sunkuyar da kai. In babban ɗanta ya ɗauki cebur, kada a karɓe masa. Ɗakin da mutum ya zuba guminsa a ciki ba ya jin kansa almajiri a cikinsa.

A wajen kayan ɗaki ne muke yawan kuskure, musamman mu maza. Mukan fara da gado. Ka aiki matarka ta tambayi uwargidan, za ka ji ta ce tukunya, da jarkar ruwa, da turmi, gama ta gaji da aro a gidan maƙwabta kowace safiya. Bayan waɗannan sai tabarmi, da bargo domin sanyin hunturu, da ƙore, da ludayi, da fitila. Gidan sauro kada ya wuce farkon damina, gama zazzaɓin cizon sauro yana kashe ƙananan yara. Darni da makewayi kuwa ba ado ba ne. Macen da ba ta da wurin kewayawa sai ta jira duhu ta shiga daji, ita da 'yan matanta.

Kada kuma ka mai da gidan gwauruwa juji. Tukunya mai yoyo da tabarmar da gara ta ci, in ba su yi maka amfani ba, ita ma ba za su yi mata ba. A kai kayan da magariba, ba kiɗa, ba ɗaukar hoto da waya.

Yawancin masu gudowa Musulmi ne: Zabarmawa, da Buzaye, da Fulani, da Hausawa. Kada a sa musu sharaɗin zuwa sujada kafin a ba su ɗaki. Matar Shunem ba ta nemi lada ba. Da Elisha ya tambaya ko akwai abin da zai yi mata, sai ta nuna masa ba ta rasa kome ba, tana zaune a tsakiyar danginta.

Yanzu buɗe sura 8. Yunwa ta zo ƙasar. Matar nan mai wadata ta kwashe iyalinta, ta yi shekara bakwai tana baƙunci a ƙasar Filistiyawa. Da ta komo, sai da ta kai kuka gaban sarki kafin a mayar mata da gidanta da gonarta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A shekara bakwai ɗin nan, wa kake tsammani ya ba matar Shunem ɗaki?
2. Iyali nawa ne suke kwana a rumfa ko a kango a unguwarku? Ka san sunan ko ɗaya daga cikinsu?
3. Wa zai koma ya duba rufin washegarin ruwan farko?