Kafin Ka Zuba Kuɗin Sana'arka

Da zarar kaka ta yi, manoman Doguwa sun sayar da masara, na Tudun Wada sun fitar da shinkafa, fataken Kwanar Ɗangora sun ga ciniki, sai wasu su ɓullo da waya a hannu: "Alhaji, kawo mu juya maka, nan da wata ɗaya su ninka." Saboda su aka rubuta wannan takarda.

Buɗe asusun zuba jari da sunan sana'a abu ne mai kyau, kuma ba wuya. Ka yi rajista da hukumar CAC, ka tanadi BVN da NIN da lambar haraji, sannan ka nufi banki ko dillalin hannun jari mai lasisin hukumar SEC. Mai gudun kuɗin ruwa, wanda Allah Ya haramta, akwai bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, ga Sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fara sayarwa a 2017, ana gina hanyoyi da kuɗin.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Wata harka mai suna MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Aka yi kuka, aka manta. A Afrilun 2025 wata mai suna CBEX ta maimaita. Ba wani kasuwanci suke yi ba. Da kuɗin wanda ya shigo yau ake biyan na jiya, shi kuma ya je majalisa yana nuna saƙon banki, ya jawo ƙannensa da surukansa. Ranar da sabbin shiga suka yanke, a nemi kamfani a rasa.

Dubi manomin Bebeji in zai zuba hatsi a rumbu. Sai ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko duwatsun na nan daram, ya shafa yaɓe ko gara ta hau, ya toshe ramin ɓera, ya sake jinka kada damina ta shammace shi, sannan ya jera dammunansa yana ƙirgawa. Wannan dattijon ne kuma zai tura kuɗin buhu hamsin zuwa rumbun da bai taɓa gani ba, don wani yaro ya sa shi a zauren WhatsApp! Wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne, kuma za a tambaye ka yadda ka kashe dukiyarka. In ma da jarin abokin ciniki ko kuɗin adashen iyali a ciki, ka ci amana.

Kada a ruɗe ka da takardar CAC. Rajistar suna ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Ka nemi lasisin SEC, ka sa a duba maka sunan kamfanin a shafin hukumar. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi tara da ɗaurin da kan kai shekara 10 ga masu wannan damfara, amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da jari, NDIC kuma ba ta biyan irin wannan asara.

Limamai da dagatai da shugabannin kasuwa, ku faɗa wa jama'a tun kafin a sayar da amfanin bana.