BAƘON MANOMI A ƘASAR FUNTUA DA MALUMFASHI
Darasi ga Hakimai da Magatakardansu

Tun farin da aka yi a 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, manoma da makiyaya suke gangarowa daga arewacin Katsina da Daura da ƙasar Maraɗi, suna neman gona a Funtua da Malumfashi da Bakori. Da yawansu sun zauna lafiya. Amma waɗansu sun yi asarar damina guda ko biyu, domin sun yi noma a nan kamar yadda suka saba yi a garinsu.

Dalili kuwa shi ne ruwa. A birnin Katsina ruwan shekara bai cika wuce inci 25 ba, damina kuma kamar wata huɗu ce. A Funtua yakan kai inci 40, daga Mayu har Oktoba. Ƙasar arewa jigawa ce mai sauƙin noma, ta nan kuwa tana da nauyi, tana riƙe ruwa, ciyawa kuma ba ta jinkiri.

To, ga abubuwa huɗu da ya kamata a sanar da baƙo kafin ya sa fartanya:

1. Iri. Geron da ya zo da shi, da waken da ke nuna da wuri, za su nuna ana tsakiyar ruwa, su yi funfuna. Dawa da masara da auduga su suka fi karɓar wannan ƙasa. Masara ta bazu ƙwarai bayan an buɗe aikin raya noma na Funtua a 1975, amma fa tana bukatar taki. Ya nemi shawarar malamin gona.

2. Huɗa. Kada ya shuka a shimfiɗe. Ya yi kunya, ya bar wa ruwa hanya, ya kuma shirya yin noma fiye da yadda ya saba.

3. Lafiya. Sauro yana daɗewa a nan, saboda haka yara su kwana cikin gidan sauro. Binciken da likitoci suka yi a ƙasar Malumfashi cikin shekarun 1970 ya nuna tsargiya da saran maciji suna wahal da manoma. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti nan da nan.

4. Dabbobi. Kaska da kirci sun fi yawa inda ruwa ya fi. A kai su wurin malamin dabbobi tun ba su rame ba.

Aikin magatakarda shi ne ya rubuta sunan baƙo, da garin da ya fito, da iyakar gonar da aka ba shi, a gaban dagaci da shaidu. Hakimi kuma ya sa mai unguwa ya haɗa shi da wani dattijon manomi na wurin, wanda zai nuna masa lokacin shuka. Baƙon da rumbunsa ya cika shekarar farko ba ya komawa bara, ba ya kuma jawo rigimar gona.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.