Tausa da Baƙin Cikin da Ake Haɗiyewa

'Yan uwa mata, sau da yawa mace takan ji wuyanta ya ƙage, kafaɗu sun yi nauyi, alhali ba ta ɗauki kaya ba. Idan rai ya ɓaci, jiki yakan saki sinadaran adirenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, naman wuya ya ɗaure. In abin ya zama na kullum, sai ciwon kai da rashin barci.

A nan tausa ke da amfani. Ki sa 'yar uwarki ko maigida ya murza miki kafaɗu da man kaɗanya, a hankali, kamar minti 15, kina jan dogon numfashi. Wata sai ta fashe da kuka ana cikin tausar. A ƙyale ta ta yi, kada a tare ta da "yi haƙuri".

Amma masu cewa tausa na zare baƙin ciki daga tsoka kamar ƙaya, sun zaƙe. Sauƙi take kawowa, ba ta sasanta ki da kishiya. In ƙuncin ya wuce mako 2, musamman bayan haihuwa, a je asibiti. Ƙafar da ta kumbura tana zafi kuwa, kada a tausa ta, ƙila gudan jini ne.