Zane Daidai Wa Daida: Fitar da Samfurin Katako a Cikakken Girmansa

Idan katako ya yi tsawo, kafinta na iya rage shi, amma wanda zarto ya ci fiye da ƙima ba ya komawa. Wannan ne ya sa masu aikin katako ke fara yin samfuri, wato siffar abin da za a yanka a ainihin girmansa, a ɗora bisa katako a bi gefensa da fensir.

Ƙaramin zane yana wadatarwa idan layukan aiki miƙaƙƙu ne, domin alƙaluman awo sun isa. Amma lanƙwasa, irin ta ƙafar kujera ko haƙarƙarin jirgin ruwa, ba ta kamuwa da alƙaluma biyu ko uku. Bugu da ƙari, kuskure yana girma tare da zane. Alal misali, a zanen da aka rage sau 10, layin fensir mai kaurin rabin milimita yana wakiltar milimita 5 a jikin katako.

Magabata sun san wannan matsala. A babbar majami'ar York ta ƙasar Ingila, har yau akwai daɓen farar ƙasa inda magina suka riƙa zana siffar tagogi a cikakken girmansu. Maƙeran jiragen ruwa kuwa faffaɗan ɗaki suke keɓewa, su zana jikin jirgi a kan daɓensa, suna lanƙwasa siraran sanduna, suna danne su da curin dalma. Daga sunan wannan sanda ne masanin lissafi Isaac Schoenberg ya ɗauko sunan da ya raɗa wa wani nau'in lanƙwasa a shekarar 1946, kuma da irin wannan lissafi kwamfuta ke zana lanƙwasa a yau.

A zamanin nan hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce babbar na'urar bugawa mai amfani da naɗin takarda, wadda faɗinta kan kai milimita 914. Ta biyu ita ce a rarraba zanen a kan ƙananan takardu, sannan a harhaɗa. Takardar A0, mai milimita 841 da 1189, daidai take da takardun A4 guda 16. Sai dai ƙaramar na'ura ba ta bugawa har baki, don haka takardun da ake bukata sukan zarce wannan adadi.

A nan kuskure iri uku ke ɓuya. Na farko, na'ura kan rage zane da kanta domin ya shiga shafi. Ragin kashi 3 cikin 100 ba ya bayyana ga ido, amma ƙofa mai mita 2 za ta rasa santimita 6. Maganinsa shi ne a umarci na'ura ta buga ba ragi ba ƙari, a kuma sanya murabba'i mai milimita 100 a gefen zanen, a auna shi tsaye da kwance.

Na biyu yana wurin haɗi. Takardu 10 a jere suna da mahaɗa 9. Idan kowace ta goce da milimita ɗaya zuwa gefe guda, an tara milimita 9. Saboda haka ake buga dogon layi miƙaƙƙe da ya ratsa dukkan takardun, a daidaita shi da zaren da aka ja ya miƙe.

Na uku daga takardar kanta yake. Zarurrukanta na shan laima su kumbura, kuma kumburin ya fi yawa ta wani ɓangare fiye da ɗaya, har siffa ta jirkice. Zanen da aka buga a Kano da damina zai ɗan tsuke idan hunturu ya kama. Gam mai ruwa ma yana miƙar da takarda. Shi ya sa ake hanzarta mayar da zanen kan siririn falanki, wanda zai zama samfuri mai ɗorewa.

Bayan duk wannan, saura gwaji ɗaya: a ɗauki ma'aunin ƙarfe a auna samfurin daga farko zuwa ƙarshe, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, a gwada da alƙaluman zanen asali. Sai sun yi daidai sannan zarto ya taɓa katako.